Ranar da Inna Fure Ta Raba Goro Ba Suna

A unguwarmu ta bayan tashar mota a Kontagora, in an yi haihuwa ko an sa ranar aure, ba a cewa mata sun ji labari sai Inna Fure ta shiga gidajensu da kwandonta. Kati na maza ne. Saƙon waya na yara ne. Matar aure kuwa, ko da ɗakinta na jingine da katangar gidan bikin, ko da ta yi mako tana jin dakan yaji, ba za ta yafa gyale ta fita ba sai Inna Fure ta tsaya a tsakar gidanta, ta zuba mata goro da alawa a faifai, ta ce gidan wane suna gaishe ta, suna kiranta bikin wance ranar kaza. Sunan mai gida, sunan mai bikin, da rana. In ɗaya ya ɓace, ba a gayyace ki ba.

Akwai kuma wani goron da takan kai. Wani lokaci mutum zai yi niyyar sadaka saboda iyayensa da suka rasu, ba ya so a san shi ne. Sai ya ba Inna Fure, ta shiga gida ta ce, "Wani ne ya ce a kawo." Wannan ba a tambayar daga ina. A karɓa, a ɗaga hannu a yi wa mamata addu'a, kowa ta ci gaba da aikinta. Ba wadda ke zuwa ko'ina a kansa. Haka muka taso muka tarar.

Gajeruwa ce, siririya, ta haura sittin, amma har yau matashi ba ya iya bin ta a tafiya. A Kumbashi aka haife ta, gidan manoma. Ba da Hausa ta buɗe baki ba, yaren gidansu take yi sai da ta fara bin uwarta kasuwa sayar da man kaɗanya. Har yanzu in ranta ya ɓaci takan kira mace da "shi", kuma ba mai yi mata dariya a lokacin. A can ta auri Ladan, ɗan maƙwabtansu, suka yi damina biyu suna noma, sannan suka tattara suka shigo Kontagora.

Ladan ya fara da dakon buhu a kasuwar hatsi. A nan ya haɗu da wani saurayi mai bakin ciniki da ake kira Zaidu. Ɗaki ɗaya suke ajiye takalmansu, kwano ɗaya suke ci. Inna Fure ta ce mini shekaru da yawa tuwon da take tuƙawa na mutum uku ne, domin duk yamma Zaidu na zauren gidanta, ya naɗe hannun riga yana kiran, "Uwargida, miyar nan ta yi kaɗan!" Daga baya Zaidu ya buɗe sito, ya sayi mota, ya ƙara wata, ya je Makka, ya zama shugaban 'yan hatsi. Ladan ya zama mai yi masa saye a kasuwannin ƙauye, yau Auna, jibi Kasuwan Garba. Bai taɓa jin zafin ɗaukakar abokinsa ba. Mutum ne mai shiru, in ya dawo sai ya wanke ƙafa ya zauna yana sauraron rediyo.

Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, Inna Fure ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Malam" take cewa, ko "mai gidan nan". Matar da ke yawo da sunayen mutanen unguwa duka a bakinta, suna ɗaya ne ba ta furtawa. Har akwai wani yaro mai sayar da kalanzir da ake kira Ladan, ita "mai kalanzir" take ce masa.

Shekarar da hanyar Kasuwan Garba ta lalace da 'yan bindiga, da kaka, Alhaji Zaidu ya zo zauren. Tana kawo musu kunu ta ji Ladan na cewa, "Alhaji, direbobi sun ce a dakata. A bari wannan kasuwar ta wuce."

Alhaji ya ce, "In ta wuce masara ta tashi. Ka je ka dawo, Allah na nan. Ko tsufa ya fara sa ka tsoro?"

Ladan ya yi murmushi. Ya tafi. A hanyar dawowa aka tare su. Direba ya faɗa daji ya tsira, aka kwashe buhunan, aka cinna wa motar wuta. Washegari aka kawo Ladan a bayan a-kori-kura, lulluɓe da tabarma.

Alhaji Zaidu ya zo jana'iza, ya aiko da shinkafa da mai ranar uku. Inna Fure ta ce har zuwa nan ba ta riƙe shi da komai ba. Kwana ne ya ƙare, ko a kan gado yake zai tafi. Abin da ta gaya wa masu zuwa gaisuwa ke nan, kuma har zuciyarta.

Tana cikin takaba wasu baƙi suka zo daga Minna don jin koken 'yan kasuwa a kan hanyar. Aka yi taro, aka ɗauki bidiyo. Alhaji Zaidu ne ya yi magana a madadin 'yan hatsi, kuma da ya ga kyamara sai ya juya harshe zuwa Turanci. Bidiyon ya zagaya wayoyi. Wata maƙwabciya ta kawo mata, tana cewa, "Ga Alhaji can yana ba da labarin Malam."

Inna Fure ba ta jin Turanci. Amma ta san abu ɗaya, suna ba ya canzawa ko da wane yare ake yi. Ta kasa kunne. Ta ji Kontagora. Ta ji Mariga. Ta ji Kasuwan Garba. Ta ga ya duba tafin hannunsa yana karanto lambar motar da aka ƙone. Can wajen ƙarshe ya kaɗa bayan hannu, kamar mai korar ƙuda daga bakin kwano, ya faɗi wata kalma. Sambodi. Aka tafa masa. Ta ce a mayar daga farko. Aka mayar. Ta ce a sake. Sunan bai fito ba.

Ranar da ta fita takaba, gidan farko da ta shiga shi ne gidan hayar da Malama Salome take, wadda ke koyar da Turanci a firamaren unguwa. Ta tarar da ita ta dawo daga coci tana cire ɗankwali.

"Malama, tambaya na kawo, kuma kada ki yi mini kwana-kwana."

"Mama, ki zauna tukuna ki sha ruwa mana."

"Na sha a gida. Kina da bidiyon Alhaji?"

Salome tana da shi. Ta kunna, tana tsayarwa tana fassarawa. An ƙone musu mota. An kwashe masara. Ciniki ya tsaya. Da aka zo ƙarshe sai ta tsaya tana gyara zaman wayar a hannunta.

"Ina jin ki," in ji Inna Fure.

"Ya ce kuma wani ya mutu."

"Wani."

"Abin da kalmar take nufi ke nan, Mama."

"To koya mini ita. Yadda kike koya wa yaranki, da bulalar da komai."

Salome ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce ana amfani da sambodi ne in an tabbata akwai mutum, ba dabba ba, ba kaya ba, mutum guda, mace ko namiji, amma ba a san ko wane ne ba. Kina ɗaki kika ji ana buga ƙofa, sai ki ce sambodi na ƙofa. Kika tsinci takalmi a bakin rijiya, sai ki ce sambodi ya manta takalminsa. Ta fara bayanin cewa in tambaya za a yi, ko za a ce babu, akwai wata 'yar'uwarta da ake kira enibodi.

"Bar 'yan'uwanta, ba su yi mini komai ba. Ita nake so. In na leƙa na ga ke ce a ƙofar, sai in ce sambodi?"

"A'a. Sai ki ce Salome ce."

"In kuma na san ki, na ci tuwonki shekara da shekaru, na je gaban mutane na ce sambodi? Kuskure ne? Za ki ja mini jan biro?"

Salome ta ajiye wayar. "Ba zan ja ba. Turancin daidai yake. Sai dai duk wanda ya ji zai ɗauka ba ki san ni ba. In kuwa ya gano kin san ni, to zai fahimci ɗayan biyu. Ko kina ɓoye sunana, ko ba ki ga ya kai a faɗa ba."

"Madalla. Kin iya koyarwa."

"Mama, wataƙila Turancin ne ya gaza masa. Mutum in ya ga kyamara yakan rikice."

"Turancin da ya ishe shi faɗin lambar mota?" Ta miƙe ta gyara zaninta. "Malama, ni ban taɓa kiran sunan nan ba tun ina yarinya, don ya fi ƙarfin bakina. Shi kuma bai kira ba don bai kai bakinsa ba. Tura mini bidiyon a wayata."

Ta ba Alhaji Zaidu dama sau ɗaya, wannan kam ta nanata mini. Ta same shi a sito ana loda buhuna, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Alhaji, na ga bidiyonka."

"A'a, Uwargida! Ai mun kai kuka inda ya dace, sai abin da Allah Ya yi."

"Na ji ka faɗi mota. Na ji ka faɗi masara."

Ya dube ta, ya kau da kai, ya ɗaga murya ya ce a auna mata masara a kai mata gida. Da aka kawo, ta ce a ajiye a ƙofar gida, ta bar wa awakin unguwa.

Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Shekaru suka wuce. In sun haɗu a hanya takan gaishe shi yadda ta saba. Amma in motarsa ta gifta ta ƙofar gidanta tana tsinkar zogale, ba tare da ta ɗaga kai ba takan ce, "Sambodi ya wuce." Matan unguwa duk sun san zancen, domin ba wadda ba ta kunna wa bidiyon ba. Wata rana na ce mata ko za ta goge shi ta huta, sai ta ce, "Ɗana, wannan shi ne gishirin miyata. In na goge da me zan ci abinci?"

Ana nan aka sa ranar auren Aminatu, 'yar Alhaji Zaidu. Ita kaɗai ce mace a ɗakin matarsa Hajiya Bashira, ta gama makarantar jinya, za ta auri wani malamin asibiti ɗan Auna da ta kawo da kanta. Inna Fure ce ta raba goron sunanta lokacin da aka haife ta, ta kuma goya ta ba sau ɗaya ba. Hajiya Bashira kuwa ba bikin da ya taɓa wuce ta a unguwar, ta je na mai kuɗi ta je na talaka, duk tana jiran ranar nata. Ta aika aka kira Inna Fure, ta tura mata babban kwando, farin goro manya-manya da alawa.

"Yaya Fure, kin san ba ni da wata bayan wannan. So nake ranar yini a rasa inda za a taka."

"Hajiya, ba gidan da goron nan ba zai shiga ba. Wannan na yi miki alkawari."

Kuskuren gidan Alhaji ke nan. Sun ga tana gaisuwa, sun ɗauka ta manta. Kuma ko sun tuna, ba su da wata da matan unguwa za su karɓi gayyata daga hannunta.

Da safe ta fara da gidan Goggo Kulu, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a layinmu, inda mata ke taruwa surfe. Ta yi sallama, ta zuba goro a faifai, ta ɗora alawa.

"Wani ne ya ce a kawo."

Aka tsayar da taɓarya. Goggo Kulu ta ɗauki goro ɗaya ta juya shi a hannu. Kowa a wurin ya san na bikin wa ne, an yi wata ana zancen akwatunan Aminatu.

"Fure, wannan goron ya yi kyau da yawa. Bai yi kama da na sadaka ba."

"Goggo, ni dai yadda aka koya mini na faɗa. An ce in ba ka ga sunan mutum ya kai a faɗa ba, sai ka ce wani. Manya ma haka suke yi, har a tafa musu."

Wata amarya a gefe ta toshe baki da gyale. Goggo Kulu ta harare ta, sannan ta dubi Inna Fure, ta daɗe tana dubanta. Sai ta ajiye goron a cinya ta ɗaga hannu biyu.

"To, tunda sadaka ce. Allah Ya jiƙan Malam Ladan. Allah Ya haskaka kabarinsa."

Matan suka ce amin.

Haka ta bi unguwar gida gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Goron auren 'yar Alhaji Zaidu ya zama sadakar Ladan, kuma a kowane tsakar gida sai da aka ambaci sunan da babbar murya. Wasu sun yi dariya har da riƙe ciki. Wasu sun ce, "Fure, ki ji tsoron Allah," amma sun karɓa, sun ɗaga hannu. Da ta iso gidan su Salome, malamar ba ta miƙa faifai ba.

"Mama, da na san abin da za ki yi da darasin nan ke nan, da na ce miki ban iya Turanci ba. Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba."

"Na sani. Malam ma bai yi wa kowa komai ba."

"Ranarta ce fa, ɗaya tak."

"Ubanta na da baki. Magana ɗaya ce, in ya faɗa zan cika masa gida har kan katanga. Karɓi goronki, ku ma ai kuna yi wa matattu addu'a."

Na tambaye ta daga baya ko ba ta ji tausayin Aminatu ba. Ta ce, "Na ji mana. Ni na koya mata tafiya. Na ji shi nan a maƙogwarona, na tauna goro na haɗiye shi."

Labari ya kai kunnen Hajiya Bashira ana saura kwana biyu. Ta sa aka yi ta aika saƙon waya. Kowa ta amsa da "Allah Ya sanya alheri". Hajiya ta kwantar da hankalinta, ta ce ai ba za su iya yi mata haka ba, ita da ta je na kowa.

Ranar Asabar da safe aka ɗaura aure, masallaci ya cika da maza, har da 'yan hatsi daga Auna da Mariga. Bayan azahar aka kafa rumfuna a ƙofar gida don yinin mata. Aka jera kujerun roba, aka sauke manyan tukwanen shinkafa, mai kiɗa ya kunna lasifikar da ake ji har tasha. Dangin ango suka zauna a rumfa ɗaya. Ƙawayen amarya na makaranta suka zauna a gefe. Sauran kujerun sai rana ke dukansu. Dangin ango suka fara kallon juna, wata a cikinsu ta tambaya a fili ko mutanen gidan nan ba sa zaman lafiya da maƙwabta ne. A ɗaki, Aminatu da lallenta da kwalliyarta ta kifa kai a cinyar uwarta.

Ana gab da la'asar Alhaji Zaidu ya taho da ƙafa, babbar rigarsa na jan ƙasa, ya tsaya a zauren da rabonsa da shi tun ranar jana'izar Ladan. Ya yi sallama. Inna Fure na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Wane ne?"

"Ni ne."

"Ban san ni ba."

"Zaidu ne!"

"Af. Ashe suna na faɗuwa. Shigo."

Ya shigo yana huci. Ya ce ta ci amana. Ta ce goro ya shiga kowane gida, ya je ya tambaya. Ya ce zai kai ta gaban mai unguwa. Ta ce matar mai unguwa ma ta ci goron ta yi addu'a. Ya sassauta murya, ya ce duk abin da take bukata a gidan nan ta faɗa, rufin ɗaki ne, abinci ne. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Uwargida, me kike so da ni?"

"Akwai lasifika a ƙofar gidanka. Tun ɗazu take hana kajina kiwo. Ka karɓe ta, ka faɗi wanda ya mutu a motarka. Sunansa, da garinsu, da abin da yake a wurinka. Ka faɗi cewa ya ce a dakata, ka faɗi wanda ya ce ya tafi. Da Hausa. In ka ga dama ka ƙara da Turanci, tunda ka iya."

"Yau? Ranar bikin 'yata? Gaban surukaina?"

"Ni ina cikin takaba aka kawo mini bidiyonka."

Ya nemi turmin da ke kife ya zauna a kai, da babbar rigar da komai. Ya cire hula ya share gumi.

"Fure, kina tsammani na manta shi ne? Ranar nan sunan na bakina. Na ga in na faɗa za su tambayi wa ya tura shi. Bakina ya ƙi."

Ta ce mini a nan ne kaɗai hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Ta ga yaron nan mai naɗe hannun riga yana cewa miya ta yi kaɗan. Amma ba ta bari ya gani ba.

"To yau sai ka lallashi bakin naka ya yarda. Rana na tafiya, shinkafa na hucewa."

Ya mayar da hularsa ya fita, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ita ma ba ta sani ba. Ta wanke hannu, ta sa takalmanta na roba, ta yafa gyale, ta zauna a bakin ƙofa. Aka kira la'asar, ta yi salla da takalman a gefenta. Kiɗa na ta tashi.

Can sai kiɗan ya yanke. Lasifikar ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu. Ni ina shagona a bakin titi na ji, kamar yadda duk unguwa ta ji.

"Jama'a, assalamu alaikum. Ni ne Zaidu. Ina da magana kafin a ci gaba." Ya gyara murya. "Shekarun baya an tare motata a hanyar Kasuwan Garba, an kashe mutum. Na je taro na ce wani ne. Ba wani ba ne. Ladan ne. Malam Ladan na Kumbashi, mijin Fure. Abokina ne tun muna dako, a gidansa na ci abinci lokacin ba ni da komai. Ya ce mini a dakata, hanya ba kyau. Ni na ce ya tafi. Ni na tura shi. Ku yi masa addu'a."

Bai ƙara da Turanci ba.

Kafin ya ajiye lasifikar Inna Fure ta riga ta kai gidan Goggo Kulu. Ba kwando, ba goro, ta tsaya a tsakar gida tana haki.

"Gidan Alhaji Zaidu da Hajiya Bashira suna gaishe ku, suna kiranku yinin bikin 'yarsu Aminatu, yau Asabar, yanzu!"

"Mun ji, mun amsa," in ji Goggo Kulu, ta janye zanin da ta rufa. Ashe a shirye take da leshinta a ƙasa. Haka aka tarar a yawancin gidajen, an yi wanka tun azahar, an ɗaura ɗankwali, ana zaune ana jira. Inna Fure ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gudu-gudu, tana faɗin sunayen cikakku a kowace ƙofa. Kafin rana ta yi ja, kujeru sun ƙare an koma shimfiɗa tabarmi a titi. An rasa inda za a taka, yadda Hajiya ta nema.

Inna Fure kam ba ta shiga ba. Ta rako matan gida na ƙarshe har bakin rumfa, ta juya. Aka aika mata da kwanon shinkafa da nama, ta mayar.

Abin bai zo mata kyauta ba. Hajiya Bashira ba ta sake yi mata magana ba. Aminatu ta haihu bara a Auna, aka zo suna gidan iyayenta, wata ƙanwar Hajiya aka ba rabon goron, ta yi ta rikita sunayen mutane. Inna Fure ta ga jaririyar daga nesa a bayan uwarta. Da suka haɗu a bakin famfo, Aminatu ta ce, "Ina wuni, Inna," ba ta tsaya jin amsa ba. Wannan ya dami Inna Fure, ba ta ɓoye mini ba. Amma da na tambaye ta ko da za a maimaita za ta fasa, sai ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"To kin yafe wa Alhaji?"

"Abin da na nema na karɓa. Yafiya wata magana ce daban, ban shirya ba tukuna."

Har yanzu tana yawo da kwandonta, sauran gidajen unguwa ba su canza ta ba. In motar Alhaji ta wuce yanzu ba ta cewa komai. Malama Salome, da ta yi wata guda tana fushi da ita, ita ce ta ɗauki maganar ranar a waya daga ƙofar gidansu, daga baya ta tura mata. Muryar ba ta fita sosai, akwai kukan akuya a ciki. Inna Fure ta sa an goge tsohon bidiyon an bar wannan. In ta gama aikin yamma takan zauna a bakin ƙofa ta kunna, ta kara wayar a kunne. Ba ta saurara har ƙarshe. In ya kai inda ya ce "Malam Ladan na Kumbashi", sai ta tsayar, ta mayar baya kaɗan, ta sake ji. Leɓenta na motsi tare da shi, amma ban taɓa jin sautin ya fito ba.